Gona Tana Cin Shara, Amma Ba Ta Cin Leda

Sharhinmu na yau zai yada zango ne a kudancin Jihar Sakkwato, a ƙasar Tambuwal da ta Kebbe, kuma a kan shara za mu yi magana, wannan dai da ake tarawa da tsintsiya a tsakar gida safe da maraice.

A Legas, magidanci yana biyan kuɗin kwasar shara kamar yadda yake biyan kuɗin wuta. Motar kamfani ta zo ƙofar gida ta kwashe, wata ya ƙare a miƙo masa takarda. A can, in ka ji mutum yana neman dabarar rabuwa da shararsa ba tare da ya biya ba, to kuɗin yake gudu. A nan kuwa ko kana son biya, wa za ka biya? Daga birnin Sakkwato zuwa Tambuwal tafiyar kusan kilomita 100 ce, Kebbe kuma ta fi haka nisa, sai ka bar babbar hanyar Jega ka nausa ciki. A ƙidayar 2006 an samu mutum sama da 220,000 a Ƙaramar Hukumar Tambuwal, sama da 120,000 a ta Kebbe, yau kuwa sun haura haka nesa ba kusa ba. Duk gidajen nan ana shara a cikinsu kullum, daga Dogon Daji zuwa Sanyinna, daga Jabo zuwa Kuchi da Margai, kuma mafi yawansu ba su taɓa ganin motar shara a ƙofarsu ba. Ba mu kaɗai ba ne. Wani rahoto da Bankin Duniya ya fitar a 2018 ya nuna cewa a karkarar ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, sharar da hukuma ke kwashewa ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba.

To me ya hana garuruwan nan nutsewa cikin bola? Tambuwal ba garin jiya ba ce, tun zamanin Muhammadu Buhari ɗan Shehu take da sarauta da jama'a. Abin da ya hana shi ne, kakanninmu suna da mai kwasar shara wanda ba ya karɓar ko kwabo, wato gona.

Ku dubi gidan manomi yadda muka taso muka gan shi. An surfa gero, dusa ta tafi wurin tumaki. An wanke tsaba, ƙasari ya tafi kwatarniyar awaki. Sauran tuwon dare in bai zama ɗumame ba, kaji na jiransa. Ɓawon gyaɗa da kowar wake abincin dabbobi ne, kara ya zama danni ko makamashi. Tokar murhu kuwa aikinta ya fi a ƙirga: a tace ta a yi ruwan toka na miya, a zuba ta a masai ta kashe wari, a gauraya ta da irin wake ta kore ƙwari, a goge bayan tukunya da ita. Abin da ya rage bayan duk wannan, wato ƙurar tsakar gida da ganye da kashin kaji da na turke, sai a kai juji a bayan gida. Da rani ya yi nisa, wajen watan Maris zuwa Afrilu, a ɗaura wa jaki mangala ko a ɗaure shanu a amalanke, a yi ta jigila zuwa gona, a jibge tuli-tuli, a jira ruwan shuka. Juji dukiya ne. Mai juji ba ya barin kowa ya ɗiba sai da izininsa, kuma an sha kai ƙara gaban mai unguwa a kan wane ya kwashe takin wane.

Ba ƙauye kaɗai ba, har Kano da girmanta haka ta rayu. Wani masanin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, ya yi shekaru tun daga 1960 da 'yan kai yana nazarin gonakin da ke kewaye da birnin, yana mamakin yadda ake noma su kowace shekara ba hutu amma ba su mutu ba. Cikin abin da ya gani har da ayarin jakuna, su shigo birni da itace, su fita da taki. Sharar birni ce ke ciyar da gonar da ke ciyar da birni.

Abin da ya ɓata wannan lissafi bai wuce shekara 30 zuwa 40 da shigowa ba, kuma kowa ya san sunansa: leda. Da can uwar gida ƙwarya take miƙa wa yaro ya sayo koko, kwalba ya sayo mai, goro yana cikin ganyensa, tsire yana cikin takarda. Yau sukarin naira 50 leda, gishiri leda, omo leda, ƙuli-ƙuli leda, a haɗa su duka a zuba a wata baƙar ledar. Daga shekarun 1990 ruwan leda ya zo ya ƙara nasa. Ku shiga kasuwar Tambuwal da yamma bayan ta watse, ku dubi ƙasa, ku dubi ƙayar da ke bakin hanya. Tsintsiya ba ta san bambanci ba, duk abin da ta tarar tana kai shi juji, juji kuma yana kai shi gona.

Na tsaya kan wani dattijo a bayan gari da rani, shi da jikansa, suna lodin amalanke. Dattijon na jan juji da manjagara, kowane ja sai haƙoran sun cika da leda, ya tsaya ya ciccire da hannu. Yaron ya gaji ya ce, "Baba, mu loda hakanan mana, ai ƙasa na cinye ta." Dattijon bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Wace ƙasa? Wadda munka kai bara tana nan, garma ka tono ta." Gaskiyarsa. Leda ba ta ruɓewa, sai dai rana ta gasa ta ta farfashe ƙanana-ƙanana ta zauna cikin ƙasa. Inda ta kwanta ruwa ba ya ratsawa yadda ya kamata, saiwar gero ta zo ta tokare, mai huɗa kuma ya yi ta tsayawa yana warware ta daga bakin garma.

Wanda ya fi manomi sanin ɓarnar leda shi ne mahauci. Akuya ba ta cin leda don wauta, gishiri da mai da ƙamshin abincin da ke jikinta take bi, musamman a ƙarshen rani da ciyawa ta ƙare. Ledar ta shiga tumbi ba ta narkewa, ba ta fita, gobe wata ta tarar da ita, har su murɗe su zama dunƙule guda. Sai ka ga dabba ciki ya kumbura amma ƙashin baya ya fito, gashi ya tashi, tana taɓa abinci tana bari. Mai ita ya ce tsutsar ciki ce, ya sayi magani, ya sake saye, a banza. Likitocin dabbobi sun ce in abin ya yi nisa babu magani sai tiyata, wa kuma zai kai akuyar ƙauye tiyata? Ƙarshenta a sayar wa mahauci da araha, ya farke tumbi ya zaro abin baƙi ƙirin, haɗe da igiya da tsumma. A gidajenmu kuwa akuya da tunkiya yawanci na mata ne, su ne asusunsu na biki da suna da rashin lafiya. Ledar da aka yar kyauta, ga wadda ta biya kuɗinta.

Sai mu zo kan wuta, domin ita ce amsar da kowa ke bayarwa: a tara a cinna mata ashana, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Ganye da kara in sun ƙone, asarar taki kawai aka yi. Leda da roba kuwa in suna cin wuta a fili, a hankali, suna narkewa suna ɗiga, hayaƙinsu yana ɗauke da guba, har da wadda masana ke kira dayoksin, wadda ke taruwa a jiki ba ta fita da wuri. Mai asma da jariri da tsoho su ne ke fara ji a ƙirji. Abin da ya fi damuna ma ba wutar juji ba ce, wutar murhu ce. Ya zama al'ada, in itace ya jiƙe ko ya ƙi kamawa, sai a naɗo leda a cinna a tura ƙarƙashi, uwar gida ta durƙusa tana hurawa da baki, goyo a bayanta, cikin madafin da ko taga babu. Inna, don Allah a nemi ƙirare da busasshen kara a ajiye inda ruwa ba ya taɓawa. Ga kuma gobara: lokacin hunturu iska na kaɗawa, danni busasshe, harawa a kan rufi, rumbu cike da hatsi, wani ya cinna wa juji wuta da magariba ya shige gida. Gwangwanin fesa maganin sauro guda ɗaya in yana ciki, fashewa zai yi ya watsa garwashi.

Masu zubawa a magudanar ruwa su jira damina ta tafi da ita, su ma sun san inda take zuwa: ƙarƙashin kwalbati, ta toshe, ruwa ya juyo ya ci gindin katangar maƙwabci, abin da ya tsaya ya zama gidan sauro. Wanda ya wuce kuma ya gangara kududdufi da fadama, ya bi gulbin Zamfara. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 3,500, kuma Sakkwato na cikin jihohin da suka ji jiki. Ba shara kaɗai ke kawo ta ba, amma duk inda ƙazanta ta haɗu da ruwan sha, ta samu ƙofa.

To mene ne abin yi, tunda mota ba za ta zo ba? A nawa ganin, aikin duka yana wuri ɗaya: kada a bari leda ta haɗu da sauran shara tun farko. Tsince ta a juji bayan wata 6 wahala ce, hana ta shiga kuwa ba ya cin ko minti ɗaya. A rataya tsohon buhu a jikin danni ko a ƙofar madafi, sama da inda akuya za ta kai, duk ledar da aka kwance a jefa ciki nan take, a koya wa yara. Kafin a sa tsintsiya a tsince wadda iska ta kawo. In aka yi haka, abin da tsintsiya ta tara ya koma yadda yake a zamanin kakanni, abincin gona zalla.

Shi ma takin, akwai gyara a yadda muke tara shi. Juji a fili rana na dukansa wata da watanni, ƙarfinsa yana bin iska. Gara a haƙa rami a inuwa, zurfinsa kamar zuwa ƙugu, a riƙa zubawa hawa-hawa: sharar tsakar gida da ganye, sai kashin dabbobi, sai a barbaɗa toka kaɗan, kada ta yi yawa. A riƙa yayyafa masa ruwan wanke hatsi ko na alwala don ya zauna da danshi, ba jagab ba, a rufe da tsohuwar tabarma ko kara. Bayan mako 2 ko 3 a juya shi. In ka tura hannu ka ji ɗumi, yana aiki, kuma ɗumin nan yana rage irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Cikin wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi, ya yi laushi, wari ya tafi. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 komai ya tashi, buhun takin zamani ya haura naira 30,000. Mai ramin taki a bayan gida ba zai daina sayen na buhu ba, amma zai rage, kuma ƙasarsa za ta riƙe ruwa fiye da ta maƙwabcinsa.

Wanda takinsa bai da yawa, ya leƙa arewa da mu, ƙasar Adar a Jihar Tawa ta Nijar. Tun ƙarshen shekarun 1980 manoman can suka rungumi abin da suke kira tassa: a haƙa ƙananan ramuka a faƙo, a zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu a kowane, ruwan sama ya taru a ciki, a shuka gero a nan. Da wannan suka farfaɗo da filayen da aka fid da rai da su. Takin da ba zai isa a watsa a gona ba, ya isa a bi rami-rami.

Wani kason kuma kuɗi ne a kwance. 'Yan gwangwan da ke yawo da baro ko kura suna sayen tsohon ƙarfe, da fasasshiyar tukunya, da tsinkakken takalmin roba, da fasasshen bokiti, wasu ma musaya suke yi da sabuwar roba. Gorar ruwa ba ta kwana a ƙasa, masu zoɓo da kunun aya da masu manja na nemanta. Ledar ruwa in aka yanke bakinta aka huda gindinta, ta zama mazubin renon dashe, na mangwaro ko zogale ko darbejiya. A nan sai dai a ja kunnen yara, domin sana'ar tana da ɓata-gari: abin gidanku da ya mutu za ku sayar, ba murfin rijiyar burtsatse ko wayar makaranta ba.

Akwai 'yan abubuwa da ba su da yawa amma sun fi duk sauran haɗari, kuma ba na juji ba ne, ba na wuta ba ne. Na farkonsu jarkar maganin feshi. Noman yanzu ya koma na maganin ciyawa, kowace damina dubban robobi ake juyewa a gonakin Kebbe da Tambuwal, sai ka ga an ɗauraye an zuba man gyaɗa ko nono, ko yaro ya rataya ta zuwa kiwo da ruwan sha. Ɗauraya ba ta raba ta da guba. Ƙa'idar ita ce a ɗauraye sau 3, a juye ruwan cikin tankin feshi, sannan a huda ta don kada kowa ya yi sha'awarta. Sai batirin mota da na sola, waɗanda dalma ce a cikinsu. Mu a wannan yanki ba sai an yi mana dogon bayani a kan dalma ba. A 2010, a maƙwabtanmu na Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurarta, da aka riƙa daka duwatsun zinariya a cikin gidaje. Can daga dutse ta fito, amma dalmar batir ita ce dai dalmar. Kada a fasa shi a gida, kada a narka, a mayar wa mai sayarwa ko a sayar da shi a rufe. Allurar da aka yi wa mara lafiya a gida a jefa ta cikin gora mai murfi, a kai asibitin sha-ka-tafi, suna da akwatin da suke tarawa. Fasasshiyar kwalba da ƙananan batiran tocila da famfas ɗin jarirai, a haƙa musu rami daban mai zurfi, ana zubawa ana rufewa da ƙasa. Kada a jefa famfas a masai, cika shi zai yi tun lokacinsa bai yi ba. Ramin kuma ya yi nesa da rijiya, aƙalla mita 30, a kan tudu, ba a fadama ba inda ruwa ke kusa.

Saura buhun ledar nan da muka rataya. In ya cika fa? A nan ne dabarar gida ta ƙare, kuma ba zan yaudare ku in ce akwai hanya mai tsabta ba. Mafi sauƙin illa shi ne a danne ta a binne a wuri guda da aka sani, ba a gona ba. Wuri guda kuwa ba aikin gida ɗaya ba ne. Kundin Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na 4, ya lissafa kwasar shara cikin ayyukan ƙaramar hukuma, ɓaro-ɓaro. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ko kuɗin sun fara isowa haka ko ba su fara ba, aikin dai yana wuyansu.

Ranku ya daɗe shugabannin ƙananan hukumomi da iyayen ƙasa, ba motar Legas muke roƙo ba. Dattawa suna tuna duba-gari, wanda in an ce ga shi nan tafe, mata sai su hau wanke randa. Suna kuma tuna tsabtar ƙarshen wata da gwamnatin Buhari da Idiagbon ta kafa. Waɗancan da tsoro suka yi aiki, shi ya sa da tsoron ya kau suka kwanta. Abin da muke roƙo yanzu ya fi sauƙi. Kowace unguwa mai unguwa ya nuna fili ɗaya a bayan gari, a haƙa, a kewaye da ƙaya saboda dabbobi. Amalanke ɗaya ko babur mai ƙafa uku ya zaga ranar da aka sa, ya karɓi buhunan leda kawai, tunda sauran sharar tana da masu so. Washegarin kasuwa kuma a share ta kafin a saki dabbobi, daga cikin kuɗin da ake karɓa a hannun 'yan kasuwa.

Wasu za su ce a hana ledar gaba ɗaya. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya ta bi a 2017, kuma sun ga canji domin sun tsaya a kan dokar. Nijar ma ta yi tata dokar a 2014, amma duk wanda ya shiga kasuwar Ƙonni ko ta Maraɗi ya san leda ba ta san da zancen ba. Doka daga sama ba ta hana mai shago ƙulla sukarin naira 50, sai in mai saye ya zo da mazubinsa. Ga masu saƙar kaba a ƙauyukanmu, kwando da jaka da faifai ba su gagare su ba, kasuwa ce ta guje su. Mai koko ma ba za ta ƙi kwano ba, ita ma sayen ledar take yi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu leƙa mahauta da masu sayar da maganin feshi mu ji ta bakinsu.